Wane Ne Bahaushe? Tarihin Ma'anar Ƙabila da Matsayinta a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan manhajojin Hausa da ake aiki da su a makarantunmu, tun daga ƙaramar sakandare har zuwa kwalejojin ilimi, darasin farko a ɓangaren al'ada shi ne asalin Hausawa. Abin da aka saba gani shi ne malami ya ba da labarin Bayajida, ya lissafa Hausa Bakwai da Banza Bakwai, ɗalibai su haddace, sannan a wuce zuwa ga al'adun aure da haihuwa da mutuwa. Ta wannan hanya ɗalibi yakan fita daga aji da tunanin cewa Hausawa zuri'ar mutum ɗaya ce, kuma zama Bahaushe abu ne da ake gado ta jini kawai. Idan ɗalibin Ibo ne ko Bayarabe ko Ibibiyo mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, sai ya ƙara da cewa ashe Hausa kayan wasu ne, shi ɗan kallo ne.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda al'ummar da ake kira Hausawa ta ginu, da yadda iyakarta ta yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani. Manufa ita ce a nuna cewa harshe da zaman tare da sana'a da addini su ne suka yi ta tara mutane masu asali daban-daban a ƙarƙashin wannan suna, domin masu tsara manhaja da malamai su sake duban yadda ake gabatar da darasin.

2.0 Ƙabila da Asali

Kalmar ƙabila aro ce daga Larabci, kuma a wurin Larabawa tana nufin jama'ar da ke danganta kansu ga kaka ɗaya, kamar Ƙuraishawa. Da aka zo neman kalmar da za ta ɗauki ma'anar rukunonin jama'ar Nijeriya a littattafan makaranta da jaridu, sai aka ɗora mata wannan nauyi, ta taho da tsohuwar ma'anarta ta dangantakar jini. Bahaushe kuwa yana da nasa kalmomin da yake rarrabe waɗannan abubuwa da su. Dangi su ne waɗanda jini ko aure ya haɗa. Zuri'a ita ce 'ya'ya da jikokin mutum ɗaya. Asali kuma shi ne inda kakannin mutum suka fito, ko gari ne ko jama'a. Shi ya sa ba a ganin wani tufka da warwara idan aka ce wane Bakano ne amma asalinsa Babarbare ne, ko wance Bakatsiniya ce amma asalinta Buzuwa ce. Mutum yana riƙe da asalinsa, yana kuma cikin jama'ar da ya tashi a cikinta.

Masana ilimin zamantakewa sun daɗe da barin ra'ayin cewa ƙabila abu ne daskararre. A shekarar 1969 Fredrik Barth ya nuna cewa abin da ke raya ƙabila shi ne iyakar da mutane ke shatawa tsakanin "mu" da "su", kuma mutane suna iya ƙetare wannan iyaka, su shiga ko su fita, ba tare da iyakar ta gushe ba. Saboda haka a wannan maƙala, idan an ce ƙabila, ana nufin jama'ar da suka ɗauki kansu abu ɗaya, maƙwabtansu ma suka ɗauke su haka, bisa wasu alamomi da suka yi tarayya a kai, kamar harshe da al'ada da labarin asali. Tambayar da tarihi zai amsa ita ce, waɗanne alamomi ne aka yi aiki da su a kan Hausawa, kuma a wane lokaci?

3.0 Harshe Kafin Suna

Abin da ya fi daɗewa a cikin waɗannan alamomi shi ne harshe. Hausa tana cikin harsunan Cadi, wato reshe ɗaya na babban gidan harsunan Afirka da Asiya, kamar yadda Joseph Greenberg ya tabbatar a rabe-rabensa na 1963. 'Yan'uwanta na kusa su ne Gwandara, sannan irin su Bolanci da Angas da Bade da Ngizim, waɗanda duk ake magana da su a Nijeriya. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa harshen ba baƙo ba ne da wani ya ɗauko daga Gabas ta Tsakiya. A nan yankin ya tsiro, tare da danginsa.

Sunan Hausa kuwa, a matsayin sunan jama'a baki ɗaya, bai kai harshen daɗewa ba. Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa kan Afirka a 1550, ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir a matsayin ƙasashe daban-daban, ya kuma kira harshen da ake yi a wannan yanki harshen Gobir. Su kansu mutanen, da sunan ƙasarsu suke kiran kansu: Kanawa, Katsinawa, Gobirawa, Zazzagawa, Kabawa, Daurawa. Tsagar fuska ma, wadda wanzamai ke yi wa jarirai, ƙasa ko zuri'a take nunawa. Akwai tsagar Gobirawa, akwai ta Kabawa, amma babu wata tsaga guda da ta game Hausawa duka. Yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana gwabzawa tsakanin Kano da Katsina, ko tsakanin Gobir da Zamfara, sun nuna cewa tarayya a harshe ba ta sa sun ɗauki kansu jama'a ɗaya ta fuskar siyasa ba.

Maƙwabta ne suka fi ganin su a dunƙule. Barebari suna ce musu Afuno, Yarbawa suna ce musu Gambari, Fulani suna ce musu Haɓe. Game da ita kalmar Hausa, Neil Skinner ya kawo ra'ayi a 1968 cewa daga harshen Sanwai ta fito, inda take nufin ɓangaren hagu na kogin Kwara. Fassarar nan ta "hau sa" da yara ke ji a gida, hikimar baka ce ta neman ma'ana a cikin lafazi, kuma a matsayin haka ya kamata a koyar da ita.

4.0 Labarin Bayajida

Labarin sananne ne: baƙo ya taso daga Bagadaza, ya yada zango a Borno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama. Bawo ɗansa ya haifi waɗanda suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka cika bakwai.

Abin lura na farko shi ne, labarin da kansa bai ce Bayajida ne ya haifi Hausawa ba. Ya tarar da gari da sarauniya da rijiya da maƙera, ya kuma yi magana da mutanen da ya tarar. Iyakar abin da labarin ke bayani shi ne asalin gidajen sarauta da dangantakar da ke tsakaninsu. Tarihin Kano ma haka ya nuna, domin ya fara ne da mutanen Dala da shugabansu Barbushe kafin zuwan Bagauda. Abin lura na biyu, labarin ba siga ɗaya gare shi ba. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, an danganta sarakunan waɗannan ƙasashe ga Bawo a matsayin bawan Sarkin Borno, aka kuma ware Gobirawa da wani asali na dabam. Kowace siga tana ɗauke da ra'ayin zamanin da aka faɗe ta da na wanda ya faɗe ta.

A 1970 Abdullahi Smith ya yi nazarin da ya sauya alƙiblar wannan fage. Ya nuna cewa ƙasashen Hausa sun ginu ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai ganuwa, a wuraren da ke da ƙasar noma da tama da duwatsun da ake girmamawa, irin su Dala da Kufena da Turunku. Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a nazarinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, inda ya nuna cewa zama Bakatsine ya dogara ne ga zama a ƙasar Katsina da shiga harkokinta, ko daga ina kakannin mutum suka fito.

5.0 Birni da Baƙinsa

A cikin birni ne aka fi ganin yadda baƙo ke zama ɗan gari. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), suka zo da addinin Musulunci, aka naɗa musu limami da alƙali da ladan daga cikinsu. A zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu (1452–1463) Fulani malamai suka zo da littattafan tauhidi da lugga, fatake Barebari da Larabawa suka yawaita. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili. Sunayen unguwannin birnin har yau suna ba da shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, da Sharifai. Jikokin waɗanda suka kafa waɗannan unguwanni Kanawa ne, Hausa ce harshensu na farko, kuma babu mai yi musu gorin haka.

Misali mafi bayyana shi ne na fataken goro. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan wannan fatauci, ya nuna cewa rukunoni uku ne suka fi riƙe hanyar Gwanja a ƙarni na 19: Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Azbin ne cikin Bugaje, da Kambarin Barebari waɗanda asalinsu daga Borno ne. A Salaga da Kumasi duk Hausawa ake kiransu, su ne ma fuskar Hausawa a can. A gida kuwa suna riƙe da sunan asalinsu, suna auratayya a tsakaninsu, domin amana da bashi da sirrin kasuwa su tsaya a hannun dangi. Alhasan Ɗantata (1877–1955), wanda ya yi fataucin goro a Gwanja kafin ya shahara a cinikin gyaɗa a Kano, daga Agalawa ya fito.

Harshen kansa ya adana tarihin wannan cuɗanya. Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomin karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo Hausa, haka ma sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Takobi da raƙumi daga Azbinanci suke. Kawu da goggo da baffa, waɗanda yaro Bahaushe ke kiran danginsa na jini da su, daga Fulatanci suke. Akawu da ashana da agogo daga Yarbanci suke. Wasannin barkwanci da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, da Katsinawa da Nufawa, da Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, wata hanya ce da jama'a suka ƙirƙiro ta tuna bambancin asali ba tare da ya zama abin faɗa ba.

Kamar yadda ake shiga, haka ake fita. Gwandara, waɗanda ke zaune a jihar Nasarawa da yankin Abuja, suna ba da labarin cewa daga Kano kakanninsu suka fito saboda ƙin karɓar Musulunci, har ake fassara sunansu da "gwanda rawa da salla". Harshensu ya fi kowane harshe kusa da Hausa, amma a yau jama'a ce mai zaman kanta. Maguzawa kuwa, waɗanda Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ba su da wani harshe sai Hausa, kuma babu wanda ya fi su daɗewa a ƙasar. Duk da haka, da Musulunci ya zama babbar alamar zama Bahaushe a birane, sai aka ware su da wani suna na dabam wanda ya samo asali daga kalmar Larabci ta Majusu. A Nijar ana kiran irinsu Arna ko Azna. Wannan ya nuna cewa alamar da ake auna mutum da ita tana iya sauyawa har ta bar ɗan asalin wuri a bakin iyaka.

6.0 Jihadi da Sabon Zubi

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) ya jagoranta daga 1804 ya kawo sauyi iri biyu. Na farko, ya haɗa ƙasashen da a da suke yaƙar juna a ƙarƙashin daula ɗaya mai hedkwata a Sakkwato, hanyoyin fatauci suka buɗe, Hausa ta zama harshen kasuwa da na fada har a wuraren da ba ƙasar Hausa ba, kamar Bauchi da Ilori da Bida. Na biyu, ya sauya gidajen sarauta. Sarakunan Zazzau na da suka koma kudu suka kafa Abuja a 1828, wadda yanzu ake kira Suleja. Na Katsina suka koma Maraɗi, na Gobir suka koma Tsibiri, na Kabi suka kafa Argungu. Kalmar Haɓe ta sami sabuwar ma'ana ta siyasa, wato tsofaffin masu mulki da aka ture.

Sai dai kuskure ne a koyar da jihadin a matsayin yaƙin Fulani da Hausawa. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda rikicin jama'arsa da Gobir yana cikin abubuwan da suka haddasa yaƙin, Ba'are ne. Yakubu, wanda ya karɓi tuta ya kafa Bauchi, Bageri ne. Shehu ya yi wa'azi da Fulatanci da Hausa, 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa domin saƙon ya kai ga mata a karkara. Bayan 'yan zuri'o'i kaɗan, gidajen Fulanin da suka hau gadon mulki a Kano da Katsina da Zazzau sun koma Hausa ce harshen gidansu, tufafinsu da sarautunsu da bukukuwansu duk na birnin da suka tarar ne, suna kuma riƙe da sunan asalinsu kamar Sulluɓawa da Dallazawa da Mallawa. Wannan cuɗanya ce daga baya 'yan siyasa da 'yan jarida suka laƙaba wa suna "Hausa-Fulani" a ƙarni na 20. Sunan yana bayyana wani abu na gaskiya game da biranen, amma yana rufe Fulanin daji masu Fulatanci, yana kuma rufe Hausawan da ba su da wata dangantaka da Fulani.

7.0 Zango: Bahaushe a Baƙon Wuri

Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna yadda fatauci da almajiranci da aikin soja da hanyar hajji suka watsa Hausawa daga Gwanja har zuwa Sudan. A waɗannan zangonni ne sunan Bahaushe ya fi ƙarfi, domin a can Bakano da Bagobiri ba su da abin da ya raba su a idon mai masauki. A can ne kuma sunan ya fi faɗi. Rundunar da Kyaftin Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda ake kira Hausawan Glover, ta ƙunshi bayin da suka gudu da 'yantattu masu asali iri-iri, abin da ya haɗa su shi ne jin Hausa. A zangon Kumasi, Enid Schildkrout ta nuna a 1978 yadda 'ya'yan Mosawa da aka haifa a can suka tashi da Hausa a bakinsu, suna bin al'adun zango a aure da suna.

Nazarin da ya fi dacewa da malaman da ke aiki a kudancin Nijeriya shi ne na Abner Cohen kan unguwar Sabo ta Ibadan, wanda aka buga a 1969. An kafa Sabo a 1916, kuma rayuwarta ta dogara ne ga cinikin shanu daga arewa da na goro daga kudu. Wannan ciniki na bashi ne da amana: mai shanu yana sauka a gidan maigida, dillali ya sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya a kan kuɗin. Domin kada wannan amana ta fita daga hannunsu, mutanen Sabo suka tsaurara sharuɗɗan zama Bahaushe. Sai mutum ya kasance Musulmi, mai Hausa a matsayin harshen farko, wanda zai iya faɗin garinsu a ƙasar Hausa, kuma ba ya ɗauke da tsagar wata ƙabila. A farkon shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Sabo, sai jama'ar unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu daga na Yarbawa. Abin da Cohen ya fahimta shi ne, riƙon al'adar da ake gani a Sabo sabon gini ne da bukatar kasuwa da siyasar Ibadan suka haifar, ko da yake da tsofaffin kayan gida aka yi shi.

A ƙasar Ibo ma akwai irin waɗannan unguwanni, kamar Ama Awusa ta Owerri, kuma a bakin mutanen yankin duk wanda ya fito daga arewa Awusa ne, ko Babarbare ne ko Banufe ko Bazabarme. Malam Umaru Altine, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, Bafulatani ne mai cinikin shanu daga lardin Sakkwato. Ɗalibin da ya tashi a Aba ko Onica da wannan faffaɗar ma'ana yake shigowa aji, kuma wajibi ne malami ya san da haka.

8.0 Zamanin Turawa da Bayansa

Mulkin mallaka ya raba ƙasar Hausa biyu ta yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906, Katsina ta faɗa wannan ɓangare, Maraɗi ta faɗa wancan. Turawan Ingila sun ɗauki Hausa harshen aiki a Arewa. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa Hukumar Hausa a 1955. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin harshen Kano, ta bai wa masu karatu abin tarayya da bai taɓa samuwa ba, ta kuma shiga coci da barikin soja da kasuwannin Filato da Kudancin Kaduna, inda miliyoyin mutane ke magana da ita ba tare da sun kira kansu Hausawa ba.

Ya kamata a lura da waɗanda suka gina wannan adabi. Cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar Bageri ne ta wajen uba. Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da wansa Bello Kagara mai Ganɗoki, kakanninsu daga Borno suka taso. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, Kirista ne daga Zariya. Idan aka auna da ma'aunin jini ko na addini kaɗai, da yawa daga cikin littattafan da muke koyarwa za su fita daga manhaja.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, Turawa sun zo da al'adar ƙidaya da rarraba mutane gida-gida, kowa da ƙabila ɗaya tak a takarda. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 da ta 1963 sun tambayi ƙabila, aka yi amfani da alƙaluman a gasar siyasar jihohi, har ya zama an cire wannan tambaya a ƙidayar 1991 da ta 2006. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai bisa asalin jiha, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin samun makaranta da aiki. A nan ne tambayar "wane ne ɗan gari, wane ne baƙo" ta zama abin zubar da jini, kamar yadda aka gani a Zangon Kataf a 1992 da Jos a 2001 da 2008. Ɗaliban da ke gabanmu a cikin wannan yanayi suka tashi, kuma abin da muka gaya musu game da ma'anar ƙabila yana iya ƙara wa wutar itace ko ya rage mata.

9.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci ban da harshensa, kuma dalilin da ta bayar shi ne haɗin kan ƙasa. Darasin asalin Hausawa yana cikin wuraren da za a iya cim ma wannan buri ko a ɓata shi. Bisa abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(a) A mayar da labarin Bayajida ɓangaren adabin baka, a koyar da shi tare da takwarorinsa kamar labarin Oduduwa na Yarbawa da na Tsoede na Nufawa, a bar ɗalibai su gano abin da irin waɗannan labarai ke yi wa gidajen sarauta. A ɓangaren tarihi kuma a kawo hujjojin harshe da na kafuwar birane.

(b) A yi bayanin kalmar Banza Bakwai da hankali. Jerin ya ƙunshi jama'o'i irin su Nufawa da Gwari da Yarbawa da Kwararrafa, kuma a ajin da 'ya'yansu ke zaune, haddace jerin ba tare da sharhi ba cin fuska ne. A nuna cewa rabon ra'ayin masu ba da labarin ne game da maƙwabtansu.

(c) A koyar da bambancin ƙabila da asali da dangi da zuri'a tun a ƙaramar sakandare, a ba ɗalibai aikin binciko sunayen unguwannin garinsu da asalin waɗanda suka kafa su. A kudu, unguwar Sabo ko Ama Awusa mafi kusa ta isa fagen wannan aiki.

(d) A sanya Maguzawa da Hausawa Kirista da Hausawan Nijar da Gana da Kamaru da Sudan a cikin darussan al'ada, domin kada hoton Bahaushe ya tsaya ga mutumin birnin Kano kaɗai.

(e) A yi amfani da darasin kalmomin aro wajen koyar da tarihin cuɗanya, musamman ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, waɗanda za su ga kalmomin harsunansu a ciki.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sunan Bahaushe daga lokacin da mutane ke kiran kansu da sunan ƙasashensu, zuwa zamanin birane da baƙinsu, da jihadi, da zangonni, da mulkin Turawa. A kowane mataki an ga cewa akwai jama'a mai harshe da al'ada da take gane kanta da su, an kuma ga cewa ma'aunin shiga cikinta ya sha sauyawa: wani lokaci zaman ƙasa, wani lokaci sana'a, wani lokaci addini, a zamaninmu kuma takardar hukuma. Faɗin haka ba ya rage wa kowa alfahari da asalinsa, domin Bahaushe da kansa ya tanadi wurin asali dabam da wurin zama ɗan gari. Abin da ake bukata ga malami shi ne ya gabatar da wannan tarihi yadda yake, da hujjojinsa da shekarunsa, ga ɗan Hausawa da ɗan wasu baki ɗaya. Ana fatan kwamitocin da za su yi bitar manhajar Hausa nan gaba za su duba waɗannan shawarwari, su kuma tanadi littafin jagoran malami da zai taimaka wajen aiwatar da su.